An ce korona ta wuce: me aka bar wa mutanen bakin ruwa?

Ranar Juma'a, 5 ga watan Mayun 2023, shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Dakta Tedros Ghebreyesus, ya sanar da sauke cutar korona daga matsayin larurar gaggawa da ta shafi duniya baki ɗaya, matsayin da take kai tun 30 ga Janairun 2020. Kafin labarin ya wuce Kontagora ya iso Yelwan Yauri a Jihar Kebbi ya riga ya canja kama. A teburin mai shayi, a tasha, a bakin kwata inda ake jiran jirgi ya cika, magana ɗaya ake ta nanatawa: "Ai dama mun faɗa, babu korona. Sun gaji da ƙaryarsu ne suka janye." Su kuwa wasu masu riƙe da ofisoshi, waɗanda ya kamata su fi kowa gane inda maganar ta dosa, sun ɗauke ta a matsayin izinin rufe fayil a saka a durowa.

Duka biyun sun yi wa sanarwar mummunar fahimta. Mutumin bai ce cutar ta ƙare ba, balle ya ce ba a taɓa yin ta ba. Cewa ya yi tana nan tana kisa, amma lokaci ya yi da kowace ƙasa za ta riƙa kula da ita tare da sauran cututtukan da take fama da su. A wannan jawabin ne ya ce mutanen da aka rubuta sun mutu sun kusa miliyan 7, kuma ainihin adadin bai gaza miliyan 20 ba.

Bayanin cutar kanta an sha yin sa a rediyo har an gaji. Ƙwayar cuta ce da ke bin numfashi, ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019, aka tabbatar da shigowarta Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 a jikin wani ɗan Italiya da ya sauka Legas. Zuwa watan Mayun 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta rubuta mutum 266,000 da 'yan kai da suka kamu, 3,155 suka rasu. A Jihar Kebbi waɗanda gwaji ya tabbatar ba su kai 500 ba. Mai cewa babu korona waɗannan ƙananan alƙaluma yake kamawa, sai dai ya manta cewa alƙalami abin da aka gwada kawai yake rubutawa. Wane ne ya gwada tsohon da ya yi kwana huɗu yana tari da zazzaɓi a Dugu Tsoho ko Gebbe, ya cika da asuba, aka kai shi makwancinsa kafin azahar? A Kano, inda maƙabartu suka cika a watan Afrilun 2020, Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce daga cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama na korona. Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Afrilun 2022 ya nuna kusan biyu bisa uku na mutanen Afirka cutar ta shige su, galibinsu ba su ma sani ba. Abin da ya sassauta mana, bayan kiyayewar Allah, shi ne ƙuruciya. Rabin 'yan Najeriya ba su wuce shekara 18 ko 19 ba, cutar kuwa tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini ta fi kayarwa. Ga shi kuma manomi da masunci a fili suke wuni, iska na kaɗawa.

To amma in ka tambayi mutumin Shanga yadda ya ji da shekarar korona, ba zai fara da tari ba, da kasuwa zai fara.

A farkon watan Mayun 2020, ana tsakiyar azumi, dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi ta fara aiki, tare da hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Wanda ya tsara dokar a Abuja yana ganin iyakar jiha kamar layin da aka ja a taswira. A Ngaski da Yauri kuwa iyakar a cikin ruwa take. Mutum yana kwana a Kebbi, kasuwar da yake ci tana Neja, surukansa na can tsallake, gonarsa ta rani na bakin gaɓar da ba ta jiharsa ba. An halatta wa motocin abinci wucewa, gaskiya ne, amma kowa ya san abin da ya faru a shingayen hanya, inda izinin wucewa ya koma abin ciniki, kuɗin mota ya ninka, fatake da yawa suka gwammace su zauna gida.

Ga yadda abin yake a ƙasa. Mace ta sayi tarwaɗa da karfasa a hannun masunta da hantsi, da kuɗin da ta ranto. Ta wanke, ta lanƙwasa kowace tarwaɗa ta soke jelar a baki, ta jera bisa ragar banda, ta wuni cikin hayaƙi idanunta na zubar da ruwa. Kwana biyu kifi ya bushe ya yi ja, ta shirya shi cikin kwali ta ɗaure da igiya, tana jiran masu saye daga Anacha da Ibadan da Legas. Ba su zo ba. Kifin banda yana da iyakar kwanakin da zai jira. In ya daɗe ƙwari su shige shi, ya fara zama gari a gindin kwali. Sai ta sake hura wuta ta maimaita masa hayaƙi, itace kuma da kuɗi ake saye. Ƙarshenta ta sayar wa duk wanda ya taya, ko da uwar kuɗin ba ta fita ba. Mai albasa ma haka ya gani, ga buhu a tsaye, ga zafin bazara na cin sa ta ciki. Daga irin wannan ne aka samo maganar da ta cika bakin mutane a lokacin, cewa yunwa ta fi korona. Masu ilmi sun yi ta yi wa maganar kallon jahilci, alhali lissafi ne na wanda in bai fita yau ba tukunyarsa ba za ta hau murhu ba.

Shawarwarin da aka yi ta bayarwa kuwa, nagari ne, sai dai an auna su da gidan da ke da famfo. A wanke hannu da sabulu a ruwa mai gudu, a ba da tazara, a sa takunkumi. Teloli sun yi ƙoƙari, suka riƙa ɗinka takunkumi da ƙyallen atamfa, mutane na sakawa a aljihu sai an hango shinge a zaro. Masu kanti suka ajiye buta da sabulu a ƙofa na 'yan makonni. Amma wace tazara za a bayar a jirgin katako da aka loda wa buhunan hatsi da babura da awaki, mata da goyo suna zaune gwiwa na gugar gwiwa? Wane ruwa mai gudu, a tungar da ruwan shanta da na wankinta da na shayar da dabbobinta duk daga gaɓa ɗaya ake ɗiba?

Abin da ya riƙe mutane a waɗannan watanni, su ne suka riƙe junansu. Mai kanti ya buɗe littafin bashi ya daina duban ranar biya. Adashin mata ya koma asusun ceto, wadda ta fi shiga matsi a bar mata kwasa ko da layinta bai zo ba. Zakkar fidda kai ta sallar wannan shekara ta ciyar da gidajen da ba su taɓa karɓa ba. 'Yan ci-rani da sana'a ta tsaya musu a Legas da Abuja suka sulalo gida a bayan motocin kaya, aka ƙara ruwa a miya, aka ba su fartanya. Maniyyata da suka sayar da shanu suka zuba kuɗin kujera suka haƙura shekara biyu a jere, domin a 2020 da 2021 Saudiyya ba ta karɓi alhazai daga waje ba. Kayan tallafin da aka yi ta jin labarinsu a rediyo, abin da ya iso ƙauye bai taka kara ya karya ba. Da aka fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama a watan Oktoban 2020, kowa ya ga inda wasu kayan suka maƙale.

Makarantu an rufe su tun ƙarshen Maris ɗin 2020, galibi ba su dawo ba sai wajen Oktoba. 'Ya'yan masu hali a birane sun ci gaba da darasi ta intanet. Yaron tunga ya bi ubansa jefa birgi, yarinya ta ɗauki tallan ƙuli-ƙuli, wasu daga nan ba su sake ganin allo ba. A ganina wannan ita ce asarar da ta fi kowace tsada, kuma ita ce ba wanda ya zauna ya ƙirga.

Sannan korona ba ita kaɗai ta zo ba. A watan Satumban 2020 ambaliya ta shafe gonakin shinkafa a faɗin Kebbi, ana dab da girbi. Ranar 26 ga Mayun 2021 jirgin da ya taso daga Lokon Minna ta Jihar Neja ya nufi Wara ya tarwatse a tsakiyar ruwa da mutane fiye da 150, waɗanda aka ceto da rai 20 ne da 'yan kai. Rayukan da ruwa ya ci a wannan safiya ɗaya sun ninka abin da aka rubuta korona ta kashe a jihar gaba ɗaya cikin shekara uku. Ba a gama zaman makoki ba, ranar 17 ga Yuni 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai da malamai, wasu 'yan matan sai a 2023 suka ga iyayensu. A wannan shekarar ta 2021 kuma amai da gudawa ya kama mutum sama da 111,000 a Najeriya, ya kashe kimanin 3,600, wato ya zarce duk abin da aka rubuta wa korona, Kebbi na cikin jihohin da ya taɓa. Mutumin da ya ga duk wannan da idonsa, in ya ce maka korona ba ta dame shi ba, ka saurare shi kafin ka gyara masa magana.

Dalilin da ya sa kowace musiba ke samun mutanen bakin ruwa a buɗe yana da tarihi, kuma tarihin ba a koyar da shi yadda ya kamata, ko a makarantun masarautar Yauri.

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka tare Kogin Kwara a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. Ruwan da ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, daga madatsar har zuwa wajen Yelwa. Kimanin mutum 44,000 aka tasa daga garuruwa da ƙauyuka sama da 200. Tsohuwar Busa, inda Bature mai yawon gano ƙasa Mungo Park ya halaka a 1806, ta nutse, aka gina sabuwa. Ita ce aka fi ambata a littattafai. Amma kaso mai yawa na waɗanda aka tasa talakawan Sarkin Yauri ne: Gungawa da suka shekara ɗaruruwa a tsibiran tsakiyar kogi, da Kambari, da Lopawa, da Shangawa, da Sarkawa masunta. Gungawa sun shahara da noman albasa a kan ƙasar da kogi ke shimfiɗa musu duk shekara, suna ban ruwa da hannu, albasarsu na tafiya har kudu tun kafin a san kwalta a yankin. Ruwa ya haɗiye gonakin da kaburburan kakanni da kukokin da ake gane gari da su. Aka mayar da mutane tudu, aka ba su gidajen siminti da wani ya zana a ofis, aka ce su fara rayuwa sabuwa.

Me aka yi musu alkawari? Ci gaba. Injinan Kainji na da ƙarfin ba da megawat 760. Wutar ta haska Legas da Kaduna, ta bi waya ta Birnin Kebbi ta ƙetare iyaka har Yamai. Zuwa 2023, shekara 55 da tare kogin, akwai ƙauyukan da aka tasa domin a samar da wannan wuta waɗanda dare na yi sai fitilar waya. Kada mai karatu ya ɗauka na bar zancen korona. Allurar rigakafin AstraZeneca da ta sauka Abuja ranar 2 ga Maris ɗin 2021, kusan miliyan 4, sai an ajiye ta cikin sanyin da bai wuce maki 2 zuwa 8 ba. Haka allurar ƙyanda, haka ta sanƙarau. Asibitin da ba shi da wuta ba shi da firij, wanda ba shi da firij kuwa sai dai ma'aikaci ya ɗauko allura cikin akwatin ƙanƙara a bayan babur, ya hau jirgi, yana tsere da rana. Injin da ke tura ruwa tanki wuta yake so. Na'urar da ke ba mai sarƙewar numfashi iska wuta take so. Ungozomar da ke karɓar haihuwa da tocila a baki, ita ma wutar take jira.

Tafkin ya zo da nasa cututtukan. Ruwan da ya tsaya ya zama gidan katantanwar da ke yaɗa tsargiya, har ta kai a wasu tungaye ana ɗaukar fitsarin jini ga yaro kamar wani abu ne na girma. Sauro ya samu wurin zama rani da damina. Bishiyoyin da ba a sare ba kafin ruwa ya hau, kututturansu na nan a ƙasa suna jiran cikin jirgi. Bincike kam an yi shi. Cibiyar nazarin kifi ta ƙasa na nan a Sabuwar Busa, Jamusawa ma sun yi shekaru suna aikin kamun kifi a tafkin. An san nauyin warangin da ake kamawa, an san yawan taru da jirage. Mutanen da ke cikin jiragen ne ba a damu a san lafiyarsu ba.

Sai a 2010 aka sa hannu a dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, HYPPADEC, kuma ta ƙara shafe shekara goma a takarda kafin ta fara aiki. Shugabanta, Alhaji Abubakar Sadiq Yelwa, ɗan wannan ƙasa ne, ba sai an yi masa bayanin bakin ruwa ba. Hukumar ta raba rigunan ceto, ta taɓa aikin ruwan sha, wannan abin a yaba ne. Amma bashin shekara hamsin ba a biyan sa da rabon kaya a gaban 'yan jarida.

Akwai wani tarihin kuma da ya kamata ya hana mu sakin jiki. A watan Satumban 1918 wani jirgin ruwa mai suna Bida ya sauke fasinjoji a Legas ɗauke da murar da ta kashe mutane miliyoyi a duniya. Cikin 'yan makonni ta bi layin dogo zuwa arewa, ta bi jiragen kogi zuwa Lakwaja da Anacha. Masanin tarihi Don Ohadike ya ƙiyasta ta kashe kimanin mutum 500,000 a Najeriya, lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba, kuma ita matasa majiya ƙarfi ta fi ɗauka. Ƙuruciyar da ta kāre mu a 2020 ba ta kāre kakanninmu ba. A 1996 sanƙarau ya kashe fiye da mutum 11,000 a arewa, ya dawo a 2017 ya ratsa Zamfara da Sakkwato da Kebbi da Katsina da Neja. Duk masuncin Kwara ya san baƙin ruwa: sama ce ta zuba a tsaunukan Gini tun damina, ruwan ya yi watanni yana ratso Mali da Nijar, sai ya iso mana cikin hunturu, sararin sama fes, kogi na ta cika. Annoba ma haka take tafiya, tana tasowa daga inda ba mu gani ba, kuma ta gaba ba ta yi alkawarin za ta bar yara ba.

Ga masu cewa killacewa al'adar Turawa ce, su koma wurin malamansu. Umarnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan garin da annoba ta sauka sananne ne, na waje kada ya shiga, na ciki kada ya fita. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda haka. Iyayenmu ma sun san keɓe mai agana a bayan gari tun kafin a zo da lamba, kuma da lambar aka kawar da aganar daga duniya a 1980. Rashin yarda da allura yana da tushe, wanda ya san abin da ya faru da yara a Kano a 1996 wajen gwajin maganin Trovan ba zai ce babu ba. Amma sarakuna da malamai ne suka shiga gida-gida har aka shawo kan shan inna, aka ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agustan 2020, ana tsakiyar korona. Mai martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, masani ne da ya shugabanci Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Hakimansa da dagatai da sarakunan ruwa su ne hanyar da saƙo ke isa tungar da mota ba ta zuwa, kuma bai kamata a riƙa tuna su sai gobara ta tashi ba.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Dakta Nasir Idris ya karɓi ragamar Jihar Kebbi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, da niyyar kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki. Ƙaramar hukumar Shanga mazaɓu 10 gare ta, mutanenta sun haura 127,000 tun ƙidayar 2006. Asibiti goma masu firij mai aiki da hasken rana, da rijiyar burtsatse, da ma'aikacin da ke kwana a garin, ba su fi ƙarfin jiha da HYPPADEC ba in sun haɗa hannu. A ƙara da jirgin asibiti mai inji da zai riƙa zaga tsibirai da tungayen Ngaski da Yauri a ranakun da kowa ya sani, da littafi a hannun kowane mai unguwa da zai riƙa rubuta wanda ya rasu da abin da ya yi jinya, domin in mace-mace suka fara yawa a gane tun a makon farko.

Kai kuma mai karatu da ke Shanga ko Wara ko Yelwa, kada ka jira kowa. Ka je asibitin mazaɓarku cikin makon nan ka duba da idonka ko akwai ruwa, ko firij na aiki, ko ma'aikaci na nan. Abin da ka gani ka kai shi gaban kansila da hakimi a rubuce, ku sa hannu ku da yawa.